Yara Ashirin a Ajin Malama Deborah

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ƙwace wannan littafi daga jakar jikata Nazifa. Ta ce na lissafi ne. Na ce shafi biyu kawai kika rubuta, su ma jan biro ya fi yawa, bar ni in rufa miki asiri. Ta turo baki. Shekararta takwas, amma in ta turo baki sai ka ce dattijuwar da aka hana goro.

Ni Saude, wadda duk garin nan ke ce wa Gwaggo, har da waɗanda suka girme ni, yau na samu aiki. Aji huɗu na yi a firamare, sai shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci. To, ga ranarsu ta zo.

Malama Deborah ce kaɗai ta rage a makarantarmu. Hedimasta ya kai iyalinsa Katsina, ya ce kwana biyu zai yi. Wata biyu ke nan. Sauran malaman biyu su ma sun tafi gaisuwa, har yau ana gaisawa. Sai ta haɗa aji ɗaya da biyu da uku a ɗaki guda. Da, duk Juma'a tana turo wa iyaye saƙon murya a waya: ga abin da muka karanta, ga wanda ya zo da dogon farce, ga wadda ta yi ƙoƙari. Mata su taru a kan waya ɗaya su sha dariya. Yanzu an ɗauke sabis, waya ta zama tocila. Iyaye ba sa jin komai daga makaranta sai abin da tsoro ya raɗa musu, kowa ya riƙe nasa a gida. Yara sittin da wani abu sun koma goma sha huɗu.

Kuma takarda ta zo daga ofishin ilimi: ranar Alhamis 28 ga wata jami'i zai zo ya ƙirga. In bai samu yara ashirin a aji ba, a rufe makaranta, a mayar da Malama cikin Safana.

Malama ta ce min, "Gwaggo, ni in na yi sallama maigida ne ke fitowa, ya ce min to, ya koma. Ke kuwa babu zauren da ke tsayar da ke."

Gaskiyarta. Tsufa ya ba ni lasin. Ina shiga har uwar ɗaka, in ɗaga murfin tukunya in ga abin da aka dafa. Mun shirya kullum za ta rubuta abin da aji ya yi, ni kuma in bi gida-gida in karanta wa mata.

Na yarda, da sharaɗin ba za ta gyara min karatu ba.

Talata, 5 ga Oktoba, bayan magariba

Takardar farko: an share aji, an duba farce da haƙori, an yi ƙirga da 'ya'yan tsamiya har hamsin, an karanta harafin B. Shi ke nan. Wa zai fitar da ɗansa saboda harafin B?

Sai na sa mata gishiri. Na ce an yi gasar ƙirga, yarinya 'yar aji ɗaya ta kayar da ƙaton yaro har ya yi kuka, kuma Malama ta ce da 'yar gidan nan tana nan da ita za ta ci. Na faɗi haka a gida tara. Kowace uwa ta gyara zama.

Gida na goma namu ne. Mahfuza, surukata, uwar Nazifa, tana ɗaki ta juya fuska bango. Na tsaya bakin ƙofa na karanta mata. Ba ta juyo ba.

Yau kwana talatin da ɗaya da uban Nazifa ya tafi gonar bakin daji da fartanya da gorar ruwa. Fartanyar ta dawo. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, amma takarda ba ta da kunya: Abdulrashid. Su kuwa mutanen nan na daji da suka ɗauke shi, ba zan ɓata biro a kan sunansu ba.

Mahfuza ta gaya min tun makon jiya, makaranta ce kaɗai ta riƙe ta, don mijinta ya sha cewa kada a katse wa yarinyar karatu. Ranar da aka rufe za ta ɗauki 'yarta ta koma gidansu a Dutsin-ma. Sai ya dawo ya tarar da wa? Ni da kaji?

Ba za a rufe ba.

Laraba, 6 ga Oktoba, da hantsi

Sha shida. Na tsaya a bakin taga na ƙirga da kaina.

Alhamis, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau sun shuka wake a gwangwanin madara, kowa ya rubuta sunansa a jiki, aka jera a taga. Wannan bai buƙaci gishiri ba, amma hannu ya saba. Na ce wa matan duk yaron da ba shi da gwangwani a tagar nan, in jami'i ya zo zai ɗauka ba ɗan gari ba ne.

Na shiga gidan Baƙo, mai gonar dawar da ke bayan makaranta. Tare muka yi wasan ƙasa da yayarsa, na san shi tun yana yawo ba wando, shi ya sa ba ya son ganina. Yana da tagwaye mata, 'yan aji biyu. Matarsa Mubaraka ta shimfiɗa min tabarma, ina cikin karatu sai ga shi.

"Gwaggo, ke ce rediyon kuma yanzu?"

"Ni ce. Kuma ba na cin batir."

"Ni dai ɗiyana ba su zuwa."

"To ka bar su. In sun girma aka kawo maka takarda, sai ka kai wa jakinka ya karanta maka."

Mubaraka ta toshe baki da gefen zane. Ya fita yana ƙunƙuni.

Juma'a, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Sha tara, kuma tagwayen Baƙo na ciki. Da gwangwaninsu.

Lahadi, 10 ga Oktoba, da safe

Jiya an ji ƙarar harbi ta yamma. Ba kusa ba. Wasu sun ce kusa. Da gari ya waye motar a-kori-kura ta wuce ta wajen Runka da katifu da tukwane da wata tsohuwa rungume da tunkiya. Na ɗaga mata hannu, ba ta ɗaga min ba.

Na wanke wa Nazifa yunifom.

Litinin, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Ashirin da biyu. Na yi rawa a tsakar gida har gwiwa ta tuna min shekaruna. Nazifa ta ce, "Gwaggo, ki daina, kaji na kallo."

Takardar yau kuwa, a hanya na buɗe ta, a gindin dalbejiyar masallaci. Ga abin da Malama ta rubuta, na kwafe shi yadda yake:

"Yau mun koyi abin da za mu yi in an busa usur. Sau ɗaya: kowa ya kwanta ƙasa, a yi shiru. Sau biyu: a fita ta tagar baya layi-layi, manya su riƙe ƙanana, a shiga cikin dawa a tsuguna. Ba a fitowa sai an busa sau uku, ko muryar wa aka ji. Za mu riƙa gwadawa kowace safiya. Iyaye su sani."

Na karanta sau biyu. Na naɗe ta na cusa a lalita.

Ashirin da biyu fa. Da ƙafafuna na tara su, ɗaya bayan ɗaya. In na karanta wannan a gida uku, kafin in kai na huɗu labari ya riga ni, gobe aji ya koma Malama da ƙudaje.

Sai na ce wa mata an koyi sabon wasan motsa jiki, sunansa wasan ƙadangare. A kwanta rub da ciki, wanda ya fi daɗewa bai motsa ba shi ya ci. Har na kwanta na gwada musu a gidan Mubaraka, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. An yi dariya ƙwarai.

Ita ma Mahfuza haka na gaya mata. Ta juyo, karon farko, ta ce, "Nazifa ta ci?" Na ce ta zo ta biyu.

Na ja Nazifa gefe na ce in uwarki ta tambaya, wasa ne. Ta dube ni kallon da ban so ba.

Talata, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Malama ta ce, "Gwaggo, kin karanta musu ta jiya?"

Na ce na karanta. Ai kuwa na karanta, a gindin dalbejiya.

"Me suka ce?"

Na ce sun ce Allah ya saka.

Alhamis, 14 ga Oktoba, da safe

Kwana arba'in da tafiyar uban Nazifa. Wata ta zo min da maganar ko za a yi sadaka. Na ce sadakar wa? Wa ya gaya miki? Ta ɗauki takalminta a hannu.

Juma'a, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Waken Nazifa ya tsiro, ganye biyu. Na wani yaro ya ruɓe don kullum sai ya tone ya ga ko ya fara. An karanta D da Ɗ, Malama ta ce kowa ya kawo abu ɗaya daga gida mai farawa da Ɗ. Nazifa ta ce za ta kai ni a madadin ɗan tsako, wai shi ya fi ni nauyi. Na ce ki kai bakinki, ya ishi aji.

Ashirin da uku.

Litinin, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Ta fashe.

Baƙo ya ga an tattake masa dawa ta bayan taga, ya ɗauka awaki ne. Yau da sassafe ya laɓe da sanda yana jiran akuya, sai ya ji usur sau biyu, ya ga yara ashirin da uku na zubowa ta taga ba mai ko tari, tagwayensa na riƙe da hannun juna suna rarrafe. Ya ce ƙaramar ta wuce ta kan ƙafarsa ba ta ɗago kai ba.

Bai yi wa kowa magana ba sai bayan sallar azahar, ya faɗa wa maza a ƙofar masallaci. Kafin la'asar ko jariri ya ji.

Na fita da takardar yau kamar kullum. Gida na farko aka ce matar gidan na wanka. Na biyu ma wanka. Yau duk matan garin nan wanka suke yi. Mubaraka ce kaɗai ta fito, ta tsaya a soro ba ta shimfiɗa tabarma ba.

"Gwaggo, har kwanciya kika yi a gabanmu. Muna ta dariya."

Na naɗe takardata na juya gida. Ni, Saude.

Da na dawo Mahfuza na tsakar gida a tsaye. Rabon da in gan ta tsaye a rana na manta.

"Kin ce min ta zo ta biyu."

"Mahfuza, zauna mu yi magana."

"'Yata na koyon yadda za ta ɓuya, ni ina ɗaki ana ba ni labarin ƙadangare. Gwaggo, na rasa sanin inda ɗaya yake. Ita kaɗai ce nake ganin na san inda take, na san abin da take yi. Ashe ita ma ban sani ba."

Ta shiga ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Ina jin ƙarar jansa a ƙasa.

Talata, 19 ga Oktoba, da hantsi

Takwas. Babu Nazifa a ciki.

Talata, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Malama ta zo har gida. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Gwaggo, na rubuta iyaye su sani. Don me kike ganin na rubuta?"

Na ce don ke yarinya ce, ba ki san mutanen garin nan ba.

"Na san su. Ƙauyenmu ma an tashi, babana Yohanna yana kwana a ajin wata makaranta a Batsari yanzu. Da a ce wani ya gaya mana gaskiya da wuri, da mun fita da ko buhu ɗaya. Yaran nan ba nawa ba ne, ba naki ba ne. In uwa ta ji ta ce ba ta yarda ba, hakkinta ne."

Na ce to ga shi sun ji, ga aji ya watse, sai ki dafa gaskiyar ki ci.

Ta ce, "Ba usur ne ya watsa shi ba."

Ta ajiye takardar yau a kan turmi ta tafi. Yarinyar da na girmi uwarta.

Laraba, 20 ga Oktoba, da safe

Ban fita ba. Gwiwa.

Alhamis, 21 ga Oktoba, da safe

Ba gwiwa ba ce.

Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Na ciro tsohuwar takardar daga lalita, duk ta sha goro. Bayan la'asar na nufi gindin dalbejiya inda maza ke zama. Na yi sallama, na cire takalmi, na zauna a kan tabarmarsu. Wani ya ce, "Gwaggo, lafiya?" Na ce matsa, ƙafata ba ta lanƙwasuwa. Babu wanda ke wurin da ban ga ranar sunansa ba, in ban da liman, shi ma na san wadda ta ƙi shi.

Na karanta musu takardar daga farko har ƙarshe. Ban sa gishiri ba. Karatu ba gishiri wuya gare shi, sai na ji muryata kamar ta wata.

Na ce, "Malama ta rubuta ku sani tun ranar sha ɗaya ga wata. Ni na ɓoye. Ita ba ta da laifi. Wanda zai zagi wani ga ni, na zo da kunnuwana."

Sai Baƙo ya ce, "In har sai an koya wa ɗiya ɓuya, wurin bai kamata a kai ɗiya ba."

Na ce, "Gidanka fa? Katangar ƙarfe gare shi? In abin ya zo, ya tarar da su a tsakar gidanka, me ka koya musu? Su tsaya su gaishe su?"

Liman ya ce in sassauta. Na ce ban iya ba, amma zan rage.

Na ce musu ban zo da alkawarin komai ba. Ban san gobe ba, Malama ba ta sani ba. Abin da na sani, yara takwas da suka rage sun san inda za su sa ƙafa in an busa usur, na gida kuwa ba mai busa musu. Kuma duk wanda ya yarda, ya bar matarsa ta zo gobe ta gani da idonta, tunda bakina ya zube.

Baƙo ya ce, "Ɗiyana ba su zuwa." Na ce na ji, ka faɗa tun mako biyu da suka wuce.

Daga nan na bi gidaje goma sha ɗaya. Ba wanda ke wanka yau. A kowane gida na karanta, na ce na yi ƙarya. Sau goma sha ɗaya. Abin ba ya sauƙi da maimaici, na gwada.

Juma'a, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Mata bakwai suka zo, da mayafansu, suka jeru a jikin bango kamar masu jiran allura. Malama ta fara yadda take farawa kullum: shara, duba farce, gaisuwa, ƙirga. Ana cikin ƙirga ta busa sau biyu.

Ban taɓa gani da idona ba sai yau. Babu gudu, babu kuka. Babba ya ɗaga ƙarami ya miƙa ta taga, na waje ya karɓa. Kafin in gyara ɗankwali ɗakin ya zama wayam, dawa ta rufe a bayansu ko motsi babu. Wata mata ta ƙwala wa ɗanta kira sau uku, bai amsa ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Da aka busa uku ya fito, ta kai masa duka a baya, sannan ta rungume shi.

Mubaraka, wadda ta zo ba tare da 'ya'yanta ba, ita ta ce, "Malama na fuskantar allo, wa ke kallon hanya?" Nan take suka raba kwana. Kowace safiya mace ɗaya za ta zauna a kan surin da ke gaban makaranta, inda ake hango hanya har kwanar rafi, da usur a wuyanta.

Wannan shawara ba tawa ba ce. Na so a ce tawa ce.

Asabar, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Mahfuza ta aika wa yayanta saƙo ta hannun wani direba. Zai zo ranar Juma'a da mota. Ba ta yi min magana, sai dai ta ajiye min tuwo ta rufe.

Na tsaya a bakin ƙofarta na ba ta labarin jiya yadda ya faru, har da matar da ta yi kuka. Na ce ba lallashi na zo ba, labarin aji ne, ke ma uwa ce, rabonki ne.

Litinin, 25 ga Oktoba, da hantsi

Sha huɗu. Mun koma inda muka fara, sai dai ƙafafuna sun fi tsufa.

Talata, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Sha bakwai. An karanta K da Ƙ. An auna tsawon kowa a jikin bango da gawayi.

Nazifa ta ƙi cin abinci tun jiya, ta ce wakenta zai mutu ba mai ba shi ruwa. Halin taurin kai ban san inda ta samo shi ba. Uwarta ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, ba ni take kallo ba, "Gobe ta je. Amma ranar Alhamis ni zan hau surin. Ba wadda za ta kalli hanya a kan 'yata sai ni."

Na ce to. Na so in ƙara magana, na cije.

Laraba, 27 ga Oktoba, da hantsi

Sha tara. Na ƙirga sau uku ko wani zai haihu.

Alhamis, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Da safe sai ga Baƙo da tagwaye, ɗaya a kowane hannu. Bai dube ni ba. Ya ce wa Malama, "Tunda dawata ce ake tattakewa, ɗiyana sun fi kowa hakkin tattake ta." Ya juya ya tafi. Ashirin da ɗaya.

Mahfuza ta hau suri da usur. Ni na zauna a bayan aji. Muna jiran farar motar ofis mai rubutu a jiki, haka kowa ya zata. Ba wanda ya gaya mana jami'ai sun daina shigowa da motar ofis.

Wajen ƙarfe goma sai usur. Sau biyu.

Ba na gwaji ba ne, na ji a yadda aka busa. Yara suka bi taga, Malama ta ɗauki na ƙarshe ta fita, ta miƙo min hannu. Na dubi tagar, na dubi ƙuguna, na ce tafi. Na rarrafa ƙarƙashin teburinta na kwanta.

Mota ta tsaya. Muryoyin maza. Na yi duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sai ƙafafu suka shigo, suka tsaya daidai hancina. Baƙin takalmi sau-ciki, an goge shi, da safa mai ruwan toka.

Mutanen nan ba sa sa safa.

Na leƙo. Wani siririn mutum da tabarau da fayil, yana duban bencuna babu kowa yana girgiza kai. A waje a-kori-kura ce, da 'yan sintiri huɗu a baya da bindigoginsu, rakiya suka yi masa. Abin da Mahfuza ta hango ke nan.

Na ce salamu alaikum daga ƙarƙashin tebur. Saura kaɗan ya yar da fayil.

Sunansa Malam Tayyib. Ya taimaka min na miƙe, muka gaisa a gurguje. Ya ce, "Iya, ina yaran?"

Na ce suna nan, ashirin da ɗaya.

Ya dubi aji. Ya ce, "Iya, duk garin da na je haka ake ce min. Abin da na gani shi zan rubuta. Direba ya ba ni minti goma, ba zai kai azahar a hanyar nan ba." Ya buɗe biro.

Na je taga na ƙwala kira. Nazifa. Malama. Ku fito, jami'i ne. Dawa ko kaɗawa ba ta yi ba. Na ce wallahi jami'i ne. Shiru. An koya musu ko muryar wa suka ji kada su fito, kuma in za su karya dokar a kan wata murya, ba tawa ba ce. Malama kuwa ta kai su can ƙarshen gona.

Usur na wuyan Mahfuza.

Na ce masa ya ba ni minti biyar, in ya rubuta kafin in dawo Allah ya isa. Na fita da gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Na same ta a bayan suri, kwance, fuska a ƙasa, ta damƙe usur da hannu biyu.

"Mahfuza, jami'in ne. Busa uku."

Ba ta ɗago ba. "Na ga bindiga."

"'Yan sintiri ne. Rakiya."

"Gwaggo, ko sun sa ki ne?"

Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara. Na ce, "Da sun sa ni, da sai dai su yanka ni a bakin tagar nan. Na yi miki ƙarya a kan 'yarki sau ɗaya. Wannan ba ita ba ce. Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago. Ta daɗe tana dubana, ina jin direba na danna ham. Sannan ta sa usur a baki. Na farko bai fita ba, iska kawai. Ta sake. Ɗaya, biyu, uku.

Dawa ta buɗe. Suka fito layi-layi, da ƙaiƙayi a kai, manya riƙe da ƙanana, Malama a baya. Suka shiga ta tagar da suka fita, kowa ya zauna a wurinsa, suka miƙe tare suka gaishe shi.

Malam Tayyib ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ƙirga yana taɓa kan kowane yaro. Ya sake ƙirgawa. Ya tambayi Malama wa ya koya musu, ta ce ita, kuma iyaye sun sani. Ta dube ni da ta faɗi haka. Na dubi rufi.

Ya rubuta ashirin da ɗaya, ya juyo fayil ya nuna min, na karanta da kaina. Ya ce, "Har ƙarshen zangon nan. Bayan nan ba a hannuna yake ba."

Na ce mu ma ba a hannunmu komai yake ba, ga mu nan dai.

Juma'a, 29 ga Oktoba, bayan magariba

Yayan Mahfuza ya zo da mota. Sun daɗe a ɗaki. Ya fito shi kaɗai, ya gaishe ni a daƙile, ya tafi. Ta ce min, "Har ƙarshen zango, Gwaggo. Bayan nan ban yi alkawari ba." Na ce ni ma ban roƙa ba. Akwatin na nan a bakin gado, ba ta kwance shi ba.

Takardar yau: an karanta R, an wanke hannu da toka kafin tara, yaro ɗaya ya ciji wani. A ƙasa Malama ta ƙara: "Nan da mako uku za a yanke dawa, bayan makaranta zai zama fili. Ba mu san inda yara za su shiga ba tukuna. Iyaye su sani."

Na tsaya a gindin dalbejiya da ita a hannu. Na ɗan daɗe.

Gida goma sha bakwai na karanta ta, ban ƙara ba, ban rage ba. Mata biyu sun ce za su yi tunani. Ɗaya ta ce daga ranar yankan dawa ɗanta ya daina zuwa, na ce na ji, zan gaya wa Malama.

Gidan Baƙo ne na ƙarshe. Yana soro yana wasa lauje, ya saurara bai ɗago ba. Da na gama ya gwada kaifin da babban yatsa.

"Layi goma na bayan taga ba ni yanke su sai an yi hutu," ya ce. "Tsuntsaye su ci abin da za su ci. Ki faɗa ma Malama. Kuma Gwaggo, goma na ce. Kada ki je ki ce ashirin."